Me ke sauke jirgin kaya daga kan layi, kuma yaya ake gano shi?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga iyayenmu da suka san aikin reluwe ciki da bai. Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Kakuri a Janairun 2018 ake maganar kwantena ta riƙa zuwa Kaduna ta jirgi, ga kuma sabon layin Kaduna zuwa Kano da ake shimfiɗawa. Ke nan jiragen kaya ƙaruwa za su yi. To amma duk ranar da tarago ya goce, kafin azahar an yanke hukunci: ko a ce direba ya yi gudu, ko a ce ɓarayi sun kwance layi. Shin masu bincike na gaskiya ta ina suke farawa?

Mai Awon Layi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba daga inda taragu suka zube ake farawa ba. Nan ido yake zuwa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jirgi mai nauyi yana iya jan tarago da ya riga ya sauka na ɗaruruwan mita, wani lokaci fiye da kilomita, sai ya tarar da poyin, wato inda ake juya jirgi daga wani layi zuwa wani, ko mararrabar titi sannan komai ya kife. Don haka mai bincike baya yake komawa da ƙafa, yana bin tabon da ƙafar tarago ta bari a kan matasan layi (gungumen da dogo ke kwance a kansu) da tsakuwa, har ya isa inda tabon ya fara.

Wuri biyu yake nema. Inda leɓen ƙafar ya fara hawa kan dogo, da inda ta faɗo ƙasa. Leɓe shi ne wannan bakin da ya zarto ta cikin ƙafar ƙarfe, wanda ke hana ta zamewa. In ya hau dogo yakan bar siririn zane a saman ƙarfen. Tsawon zanen magana yake yi. In ya kai mita biyar, goma, yana karkata a hankali zuwa waje, to ƙafar a sannu ta hau, wato nauyi ne ya ragu a kanta: ko layi ya murɗe, ko sifirin ya karye, ko lodi ya karkata gefe guda. In zanen gajere ne ƙwarai ko babu shi sam, fizga aka yi, sai a nemi gudu, ko birki na gaggawa, ko wani abu a kan layi. In kuwa ƙafafun a tsakanin dogayen biyu suka faɗa, babu wadda ta hau, to layi ne ya buɗe.

Da an samu wurin sai a sa alli, a lamba matasan layi, sifili a wurin hawan, a ƙirga baya aƙalla mita 100, gaba kamar 50. Duk mita 3 a auna faɗin layi, bambancin tsayin dogo na dama da na hagu, da lanƙwasar kwana. Kafin a yi wannan kada jak ya taɓa komai.

Malamin Tasha:
Baba Mai Awo, a takarda haka ne. Amma ka san halin da ake ciki. Layi ɗaya ne tak tsakanin Kaduna da Zariya, haka tsakanin Kaduna da Kafanchan. Tarago ɗaya ya kwanta, komai ya tsaya, waya tana ta ƙara daga sama a buɗe hanya. Wa zai ce wa injin ɗaga kaya ya dakata sai an gama ƙirga matasai?

Mai Awon Layi:
Malam, awon nan bai wuce awa biyu ba in mutum uku suka sa hannu, kuma a bayan tarkacen ake yin sa, ba ya hana ceton rai ko kashe wuta. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sa 'yan gyara su cusa tsakuwa su ɗaure noti a daidai wurin da ake tuhuma, sannan a kira mai awo. Ya zo ya auna layin da aka riga aka gyara, ya rubuta lafiya lau. Daga nan laifi ya koma kan direba.

Kuma awon ma da sharaɗi. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067, na Abuja zuwa Kaduna 1,435. In ka ɗora ma'auni babu nauyi a kai, layi zai iya nuna maka daidai, alhali da tarago ya taka sai dogo ya ture waje. Ana gane wannan ta goga mai sheƙi da gindin dogo ya yi a kan matashi, sai a auna faɗin gogar a ƙara a kan abin da ma'auni ya nuna. A ƙa'idar Turai, layin 1,435 in ya kai 1,470 an zo iyaka. Haka ramin da ke ƙarƙashin matashi: da ido ba ka ganinsa, sai ka ga farin gari na tsakuwar da ta niƙe, ko taɓo yana tsartuwa da damina. Irin wannan wurin kan nutse ƙarƙashin jirgi ya dawo bayan ya wuce. Murɗewar layi kuwa, a Ingila in bambancin ya kai ɗaya cikin 90 a tazarar mita 3, wato kamar milimita 33, rufe layin ake yi nan take.

Baban Loko:
Sannunku da aiki. Zan ɗan ja da Mai Awo, duk da tare muka tsufa a harkar. Mutanen layi kan yi kamar tarago ba ya laifi, mu kuma na taragu mukan yi kamar layi ne kullum. Gaskiyar magana, taragu ɗari sun bi ta wannan murɗaɗɗen wurin sun wuce lafiya. Me ya sa wannan ɗaya ya hau? Dole a amsa wannan.

Lissafin da ake amfani da shi mai sauƙi ne, na wani Bafaranshe Nadal. Ƙafa tana da ƙarfi biyu a kanta: mai tura ta gefe tana gogar dogo, da nauyin da ke danne ta ƙasa. In na gefe ya ninka na ƙasa kamar sau ɗaya da ɗigo biyu, a leɓe mai tsayuwar digiri 70, hawa za ta yi. Don haka tarago mara kaya ya fi mai kaya saurin gocewa. Mutane na mamakin wannan, amma fanko ba shi da abin da zai danne shi.

Abin da za a duba a taragon da ya fara sauka, kuma sai an tabbatar wane ne ya fara, ba wanda ya fi lalacewa ba:

Kaurin leɓe. Sabo yana wajen milimita 32, a ƙa'idar Turai in ya sauka zuwa 22 an yar da shi. Leɓen da ya cinye yakan yi kaifi kamar wuƙa, shi ne ke tsaga harshen poyin ya bi wata hanya daban da sauran jirgin. Sai tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa a kan aksul ɗaya, a auna ta wuri uku ana juya shi. In awon ya bambanta, aksul ya lanƙwashe. Sai sifirin, a ga ko akwai karyayye, kuma a duba bakin karayar, in da tsatsa tsohuwa ce. Sai tsakiyar bogi, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun, inda jikin tarago ke zaune: in ya bushe babu giris, bogin ba ya juyawa a kwana, sai ya riƙa cin dogo na waje da ƙarfi. Sai ɓallin da birki ya yi wa ƙafa in ta taɓa kullewa tana ja. In shafaffen wurin ya kai milimita 60, duk juyi ɗaya guduma ce a kan dogo da kan boris.

Ɗan Rigasa:
Baba, maganar boris ɗin nan fa? Na ji ana cewa shi kaɗai yana iya kifar da jirgi.

Baban Loko:
Ƙwarai kuwa. Giris ya ƙare ko ruwa ya shiga, boris ya fara zafi, ƙarfen kan aksul ya yi ja ya yi laushi, sai ya tsinke. Kan aksul ɗin da ya tsinke ta haka ba ya ɓoyuwa: yakan yi shuɗi-shuɗi, ya tsuke kamar an murɗe alewa. Kuma sau da yawa a baya ake tsintar guntunsa, nesa da tarkacen.

Misalin da duniya ta sani shi ne na garin East Palestine a jihar Ohayo ta Amurka, ranar 3 ga Fabrairu 2023. Jirgin kamfanin Norfolk Southern ne, taragu 38 suka sauka, wasu ɗauke da sinadari mai guba. Boris na tarago na 23 ne. Suna da na'urorin auna zafi a gefen layi, kuma sun kama shi: ta farko ta nuna ya fi zafin gari da digiri 38 a ma'aunin Farenhait, ta biyu 103, ta uku 253. Iyakar da kamfanin ya sa na a tsaya a cire tarago ita ce 200. Tsakanin ta biyu da ta uku kusan mil 20 ne, a nan ya ƙone. Lokacin da ƙararrawa ta buga, an makara.

Mu da ba mu da irin waɗannan na'urori a tsohon layi, abin da ya rage shi ne ido da hanci da bayan hannu. Duk tashar da jirgin kaya ya tsaya, mai duba taragu ya bi shi gefe biyu yana taɓa akwatin boris. Duk tashar da ya wuce ba tsayawa, wani ya tsaya a bakin layi yana kallon ƙafafu, yana sauraro, yana shinshina ƙaurin giris. Ƙaramar bindigar auna zafi ta hannu ma ta wadatar, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ta tirela ba.

Alhajin Kakuri:
Allah ya ƙara wa manya lafiya. Ni ta ɓangaren lodi zan shigo, don ana mantawa da mu sai abu ya faru. Kwantena a rufe take zuwa da hatimi, ba wanda ya san yadda aka jera kayan ciki. In injin nika ne ko naɗin ƙarfe aka jingina bango ɗaya, nauyin jimla daidai yake a takarda, amma ƙafafun gefe guda sun yi sako-sako. Ƙa'idar lodi ta Turai ta ce a kan aksul ɗaya kada nauyin ƙafa ɗaya ya ninka na 'yar'uwarta fiye da sau ɗaya da kwata. Ba a sanin haka sai da sikelin da ke auna kowace ƙafa daban. Buhunan taki ko siminti kuma in ba a jera su sun cika faɗin tarago ba, tafiya ɗaya sun zame. Tankin mai da aka cika rabi shi ma, a kwana man gefe yake kwasa gaba ɗaya.

Don haka mai bincike ya buɗe taragon kafin a kwashe kayan, ya ɗauki hoto, ya ga ƙusoshin kusurwa huɗu na kwantena ko a kulle suke. In jama'a sun riga sun wawashe kayan, wannan shaidar ta tafi har abada.

Malamin Tasha:
Alhaji ya taɓo wurin. Bari in ƙara da jerin taragu, don wannan aikin tasha ne. In ka sa fanko biyar a bayan inji, ka jero masu nauyi ashirin a bayansu, ka haɗa bam. A hawan tudu mai kwana, inji na ja gaba, nauyi na ja baya, sai fankon su miƙe kamar igiyar da aka ja, su faɗo ta cikin kwana. A gangara kuma in direba ya riƙe da birkin inji kaɗai, nauyin baya ya taho ya matse su, sai su tuƙe waje. Ta gefen da suka faɗa kaɗai ya isa ya gaya maka wanne ne ya faru. Masu nauyi gaba, fanko baya, ko da zai ci wa mai haɗa taragu ƙarin awa guda.

Ɗan Rigasa:
To amma ranku ya daɗe, kada mu yi kamar babu ɓarayi. Kowa a Kaduna ya san ana kama motoci da ƙarafan layi za a kai wa 'yan gwangwan. Kuma abin da ya faru ranar 28 ga Maris 2022 tsakanin Katari da Rijana ba murɗewar layi ba ce, bam aka dasa.

Mai Awon Layi:
Ba wanda ya ce babu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan harin. Satar maƙalai da faranta haɗi da matasan ƙarfe gaskiya ce, kuma tana kashe mutane. Abin da nake cewa shi ne ita ma tana da shaidarta, a nemo ta, kada a faɗe ta da baki kawai don ita ce amsar da ba ta taɓa kowa a ofis.

Notin da aka kwance da sifana zarensa lafiyayye ne yana ƙyalli. Wanda hatsari ya tsinke, karyewa yake ko zaren ya tsige, kuma a gaban wurin saukar ake samunsa, ba a bayansa ba. Inda aka zare maƙali jiya da dare, mazauninsa fes yake. In ka tarar mazaunin ya yi tsatsa har ciyawa ta fito ta ramin, to an yi watanni da sace shi. Ɓarawo ya yi laifinsa, amma ina mai sintirin da aka ba wannan yankin yana bi da ƙafa? Ina littafinsa? Ya rubuta? In ya rubuta, wa ya karanta, kuma me ya sa ba a rage gudu a wurin ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wata alama kuma: in dogo aka cire ko aka gusar, yawanci injin ne da kansa ke fara sauka, kuma za ka ga duka a goshin dogo na gaba inda ƙafa ta farko ta sare shi. In inji da taragu goma sun wuce lafiya, na sha ɗaya ya sauka, a yi hattara da maganar ɓarayi.

Nan ma yanayin Kaduna yana shigowa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, kamar milimita 11 da rabi a kowane kilomita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsohon layi gutsure-gutsure ne da faranta, an bar 'yar tazara a kowace mahaɗa don wannan. In tazarar ta toshe a mahaɗa shida, bakwai a jere, ko notin ya ci tsatsa ya ƙi motsi, to a watan Maris da Afrilu, da rana tsaka, lokacin da ƙarfen kan fi iska zafi da kusan digiri 20, layi zai lanƙwashe kamar maciji. Sau da yawa a ƙarƙashin jirgin yake yin haka, don girgizar taragun gaba ce ke kwance shi. Inda aka yi wa dogo walda ya zama ɗaya, dogo mai kilo 60 a mita yana tara ƙarfin da ya kusa tan biyu a kan kowane digiri ɗaya, kuma tsakuwar kafaɗa, wadda ke gefen matasai, ce kaɗai ke riƙe shi. Shi ya sa ba a tone tsakuwa ko ɗaga layi da zafin rana, kuma in an taɓa shi sai an rage gudu har ya zauna. Shi ya sa kuma masu ɗibar tsakuwar layi suna zuba wa a gini ba ƙaramar ɓarna suke ba.

Da hunturu abin juyawa yake. Da asuba ƙarfe ya tsuke, sai ya tsinke a walda ko a ramin noti. In an samu karyayyen dogo, a kalli fuskar karayar. Wuri mai duhu, santsi, zagaye kamar ƙwai, tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana ci. Wuri mai haske da ƙyalƙyali kamar sikari, sabuwa ce. Kada a wanke, kada a haɗa gutsuren biyu ana gogawa don a ga ko sun dace, a naɗe kowanne daban a kai ɗakin gwaji. A Hatfild ta Ingila a Oktoban 2000, irin waɗannan ƙananan tsagar na saman dogo ne suka farfasa shi gutsure kusan 300 a ƙarƙashin jirgi.

Hajiya Injiniya:
Barkanku da hira, iyayena. Kun daɗe a kan gocewa, bari in ja ku zuwa karo, don shi ne ya fi cin rai. Jirgi biyu ba sa haɗuwa a layi ɗaya sai wani ya ba da izini, ko wani ya wuce ba izini, ko na'ura ta yi ƙarya. Ukun nan ake rarrabewa.

A tsohon tsari na layi ɗaya, direba ba ya shiga tsakanin tasha biyu sai da sandar izini a hannunsa, kuma na'urar ba ta sakin sanda ta biyu sai an mayar da ta farko. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Matsala tana farawa ranar da na'urar ta mutu aka koma izini ta waya da takarda. Daga nan ran mutane ya rataya a kan kalmomin mutum biyu. Don haka da an yi karo, littafin tasha biyun ake fara ƙwacewa, a sa hannu a ƙarƙashin layin ƙarshe don kada a ƙara rubutu, sannan a kwatanta lokutan da ke ciki da na na'urar da ke cikin inji mai riƙe gudu da birki da oda. A duba agogon kowa, bambancin minti uku yana iya juya labari.

A Tempi ta ƙasar Girka, 28 ga Fabrairu 2023, jirgin fasinja da na kaya suka yi taho-mu-gama, mutum 57 suka mutu. An tura na fasinja kan layin da ba nasa ba daga Larisa, kuma babu na'ura mai aiki da za ta hana kuskuren. A Balasor ta Indiya, 2 ga Yuni 2023, sigina ta nuna wa direba hanya a buɗe take, alhali poyin yana kallon layin gefe inda jirgin kaya mai ɗauke da tama yake tsaye. Mutum fiye da 290 suka mutu. Binciken ya kai ga wayoyin da aka haɗa ba daidai ba lokacin gyara. Direban bai yi laifin komai ba, abin da ya gani ya bi. Shi ya sa ake rufe ɗakin na'urorin sigina da kwaɗo nan take, ba mai shiga sai da masu bincike.

Malamin Tasha:
Hajiya, a yadi fa ba sigina ke yawan jawo mana ba. Poyin ne da alamar iyaka. A ajiye tarago gindinsa ya wuce farar alamar da ke tsakanin layi biyu, wani jirgin ya zo ya goge shi. Ko a bi ta kan poyin ta baya alhali ba a juya shi ba, ƙafa ta buɗe harshen da ƙarfi, sandar da ke haɗa harsunan ta lanƙwashe. Ba wanda ya faɗa don tsoro. Jirgi na gaba da ya fuskanci poyin ɗin sai ƙafa ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu.

Hajiya Injiniya:
Haka ne Malam, kuma gwajinsa ba wuya. A sa ƙarfe mai kaurin milimita 4 tsakanin harshe da dogo, a juya. In ya kulle ko ya nuna ya kulle, poyin ɗin ba shi da lafiya. Inda injin poyin ya lalace aka koma juyawa da hannu ana ɗaurewa da maƙali da kwaɗo, dole a rage gudu sosai kuma a sa ranar gyara. Abin wucin gadi da ya shekara ya zama tarko. Duk wanda ya bi labarin jirgin fasinjan da ya sauka a Asham, a layin Abuja zuwa Kaduna, ranar 26 ga Agusta 2025 ya ga yadda hankali ya koma kan poyin na tashar.

Baban Loko:
Saura birki, kuma shaidarsa ce ta fi saurin gudu. Cikin awa ɗaya da hatsari a bi jirgin ana taɓa ƙafafu da takalman birki. Masu ɗumi sun kama, masu sanyi ba su yi aikin komai ba. In taragu takwas na gaba da ɗumi, sauran duk sanyi, je ka duba famfon iska tsakanin na takwas da na tara, za ka same shi a rufe. A ɗauki hotonsa kafin wani ya buɗe. Jirgi mai birkin iska bututunsa yana riƙe da matsin iska na "bar" 5, tsofaffin taragu masu birkin zuƙe iska nasu daban ne, amma gwajin ɗaya ne: bayan an haɗa jirgi, mutum ya je tarago na ƙarshe ya ga da idonsa birki ya kama ya kuma saki. Duk inda aka cire ko aka ƙara tarago, a sake.

Jirgin da aka ajiye kuma ba a dogara da iska, don tana zurarewa. A Lak-Megantik ta Kanada, 6 ga Yuli 2013, an ajiye jirgi mai tankunan ɗanyen mai 72 a kan gangara da birkin hannu bakwai kacal. Wuta ta kama injin, 'yan kwana-kwana suka kashe shi, iska ta zurare a hankali, jirgin ya gangara ba kowa a ciki ya shiga gari da gudun sama da kilomita 100 a awa. Mutum 47 suka mutu. Hukumar binciken Kanada dalilai 18 ta lissafa, ba ɗaya ba. Yadda ake gwadawa: a ɗaure birkin hannu, a saki na iska gaba ɗaya har da na inji, a ɗan ja a gani. In ya motsa a ƙara. Sannan a sa waigi a ƙafa, a juya poyin na kariya yadda in ya gudu zai faɗa ƙasa ba babban layi ba.

Alhajin Kakuri:
Mararrabar titi fa? Daga Kakuri har Kawo har Rigachikun layin cikin mutane yake ratsawa, wasu wuraren an kasa kaya a kansa.

Malamin Tasha:
Lissafi ne kawai Alhaji. Jirgi mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma mai kaya yana buƙatar wajen rabin kilomita kafin ya tsaya. Tirelar da ta tashi daga tsaye tana iya cin daƙiƙa 20 kafin gindinta ya bar layi. Ke nan direbanta yana buƙatar hango jirgi tun daga mita 340. Mai bincike ya zauna a tsayin kujerar direban motar ya auna iyakar abin da ake gani. In rumfa ko shago ya tare, a rubuta. A kuma duba ko cunkoso a gaba ne ya tsayar da motar a kan layi, ko tudun mararrabar ne ya kama cikinta. Abin da ya faru a Ikeja a Maris 2023, da jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikata, ya isa a gane cewa mai tuta kaɗai ba ya tsayar da direban da ya yi niyyar wucewa. Shinge ake buƙata.

Ɗan Rigasa:
To wa ya kamata ya yi duk wannan? Hukumar jiragen ƙasa ita ce mai layi, mai jirgi, mai ma'aikata.

Hajiya Injiniya:
Shi ya sa dokar 2022 ta kafa hukumar binciken hatsari ta NSIB, ta ɗauki tsohuwar hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta faɗaɗa ta zuwa jirgin ƙasa da na ruwa. Aikinta gano dalili ne, ba hukunci ba. Wannan bambancin yana da amfani a aikace: mai haɗa taragun da ya san korarsa za a yi ba zai taɓa cewa ya bi ta kan poyin ba. A tambayi kowa shi kaɗai, da wuri, a duba jadawalin aikinsa na kwana uku baya a ga barcin da ya samu. Damuwata ita ce jirgin kaya da ya sauka a daji ba wanda ya mutu, ba ya shiga labarai, ba mai zuwa daga Abuja. Alhali wannan murɗewar da ta kayar da taragon siminti yau ita ce ke jiran na fasinja.

Mai Awon Layi:
Waɗannan ƙananan sai dai a yi su a gida, mutum uku tare: na layi, na taragu, na tasha, kowa ya ga awon ɗan'uwansa ya sa hannu a takarda ɗaya a wurin, kafin a watse. In an bari kowa ya koma ofis ya rubuta nasa, rahoto uku za a samu masu wanke sashe uku.

Baban Loko:
Kuma taragon da ya fara sauka, ko da an mayar da shi kan layi yana tafiya kamar ba abin da ya same shi, a rubuta masa da fenti a jiki, a ja shi a hankali zuwa shago. A ɗaga jikin a fitar da bogi biyun, a auna tsayin kowane sifirin ba nauyi a kansa, a ajiye shi a shimfiɗaɗɗen layi a auna kusurwa huɗu a ga ko firam ɗin ya murɗe. Boris ɗin da ya sha duka a kan matasai cire shi ake yi ko da bai nuna komai ba, don ƙwallayen ciki sun riga sun yi tabo, kuma bayan 'yan ɗaruruwan kilomita zai fara zafi a wani dajin daban.